Malama Rabi da Darasin da Ban Je Ba

Ranar Litinin da safe na zuba wa Malama Rabi ɗanwake a kwanonta mai murfi, na ajiye a tagar kicin kamar kullum. Har aka kaɗa ƙararrawar tara kwanon yana nan. Sai ga Malam Sule masinja ya tsaya a bakin ƙofa, bai tsokane ni yadda ya saba ba. Ya dubi kwanon ya ce, "Inna Laraba, ɗauke kwanon nan, mai shi ba za ta zo ba." Na ce ko jikin ne ya motsa. Ya ce, "Jiya da la'asar aka kai ta makwancinta a garinsu, Tarai." Ni tun Juma'a ina ƙauyenmu Saji, wayata babu caji. Na ɗauko kwanon na buɗe, na ga man ya daskare a kai. A lokacin ne maganar ta shige ni. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ba mai zurfin karatu ba ce, a firamare na tsaya. Aikina dafa abinci a makarantar 'yan mata ta kwana a Rano. Ita kuwa malamar Hausa ce, kuma ita ke riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayo. Duk Alhamis bayan la'asar sukan taru a gindin darbejiyar da ke bayan kicin, ina tsintar wake ina jin su.

Sanin da na yi mata ya fara ne da ɓacin rai. Tun ina ƙarama nake jan ƙafar hagu. Wata Alhamis wata ɗaliba mai suna Safiya ta fito tana kwaikwayon tafiyata da ludayi a hannu, yara suka fashe da dariya. Ina kallo ta taga, zuciyata ta yi baƙi. Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Safiya, tafiyar ta fita daidai. Yanzu je ki yi ta a gaban Inna, mu ga ko za ta yi dariya." Yarinyar ta sunkuyar da kai tana hawaye. Sai Malama ta ce musu, "Duk wanda za ku sa a yi wa dariya, ku tabbata in yana wurin shi ma zai dara." Da aka tashi ta shigo kicin da kanta, ta durƙusa a gaban murhu ta ba ni haƙuri. Mace mai digiri, a gaban kuku.

Daga nan na fara sauraron abin da take koya musu. Ashe ban dariya ma iri-iri ne, kowanne da ƙa'idarsa. Ta nuna musu ɗan kama, mai shigar malamai yana rera waƙar tuwo da miya, ta ce shi cikinsa yake yi wa ba'a. Ta nuna musu 'yan gambara masu jifan juna da magana, da wawan sarki wanda ke faɗa wa mai mulki gaskiya cikin wasa ba a taɓa shi. Har wani na ƙasashen waje ta nuna musu a wayarta, mai shafa farar hoda, ba ya cewa uffan sai motsin jiki. Ranar koyon faɗuwa kuwa tabarmi ta sa aka shimfiɗa. Ta ce, "Faɗuwa ma koyonta ake yi. Kar wata ta karya mini ƙugu ubanta ya zo ya tsare ni a bakin get."

Wata rana suna gwada maigida ya dawo daga kasuwa, bakina ya suɓuce na ce, "Ai ba haka miji yake shigowa ba." Malama ta jiyo ni. Bayan an tashi ta zo ta zauna a kan turmi, ba ta bar ni ba sai da na ba ta labarin kakata Tabawa. A Saji, in ana biki mata sun keɓe a cikin gida, kakata takan sa babbar riga, ta naɗa rawani, ta manna gemun auduga, ta zama Alhaji. Ta yi gyaran murya tun daga zaure, ta leƙa tukunya, ta ɗanɗana miya ta yamutsa fuska, sannan ta cinye tas. Mata har kwanciya suke yi don dariya, amarya mai kuka ma sai ta dara. Namiji bai taɓa ganin wasan ba. Ni ke riƙe mata sanda, duk na haddace.

Malama ta kama hannuna ta ce, "Inna, duk waɗanda ke cikin littafina maza ne. Wannan namu ne, kuma a wurinki kaɗai yake. Ki zo ki koya musu." Na ce, "Haba Malama, da girmana da surukaina?" Ta ce a aji za a yi, a rufe tagogi, babu waya, babu namiji. Na ce to, bayan Sallah. Sallah ta wuce na ce sai an cire gyaɗa. Ba ta taɓa matsa mini ba. In ta zo ɗaukar kwanonta sai ta ce, "Inna, yaushe Alhaji zai dawo daga kasuwa?" Ni kuma in ce, "Motarsa ta lalace a Kibiya." Ta yi dariya ta ce, "Allah ya kawo bakanike."

Abin da ya kai ni Saji a wancan makon, rigar kakata na je ɗaukowa. Ban gaya mata ba, so nake ta gani kawai. Lokacin da Malam Sule yake magana, rigar tana cikin leda a ƙarƙashin teburin kicin.

Da muka je gaisuwa Tarai na tarar da mahaifiyarta rungume da autar Malama, wadda ko yaye ta ba a yi ba. Suka ce zazzaɓi ne na kwana biyu. Mijinta ya aiko mini da littafin da take tsara darasi. Kowane irin wasa da shafinsa cike da rubutu. A shafin ƙarshe ta rubuta sunana a sama, ƙasan babu komai.

Allah ya jiƙan Malama Rabi, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Yadda ta rufa wa masu rauni asiri a gaban masu dariya, Allah ya rufa mata. Allah ya ba mahaifiyarta da mijinta haƙuri, ya raya 'ya'yanta uku, ya shirya ɗalibanta.

Jiya Safiya ta zo kicin ta durƙusa ta ce, "Inna, mu dai muna nan duk Alhamis." Na ce mata ina zuwa. Alhamis biyu ke nan ina ɗauko ledar, in kai bakin aji, in juyo. Har yau ban sa rigar ba, shafin nan kuma ba a rubuta komai a cikinsa ba.