Hoton Baba a Shafin Rajistar Taki

Ni dai ban taɓa yin aikin da ya gajiyar da ni kamar shafin intanet na ƙungiyar manoman cocinmu ba. Abu ne mai sauƙi: manomi ya buɗe a wayarsa, ya sa sunansa da girman gonarsa, ya shiga layin taki kafin a rufe rajista ran Juma'a. A ɗakina na Samaru na gina shi, inda sabis ke zuba kamar famfo. Ina dannawa yake buɗewa, ni kuwa har da hura hanci.

Ran Talata Mama ta kira ni daga ƙauyen Jama'a. "Kai, abin nan naka data kawai yake sha. Sau uku ina sa kati, ban ga wurin rubuta suna ba."

Na hau keke na je. Allah ya sani, kunya ta kama ni. A tsohuwar wayarta hoto ne yake saukowa daga sama kaɗan-kaɗan, hula, goshi, sai ya tsaya cak. In sunanta bai shiga ba, masararta ta bana ta tafi ke nan.

Na koma na auna kayan da waya za ta sauke kafin shafin ya buɗe. Kai! Taswirar da babu wanda ya nema, rubutun ado kala uku, wata ƙatuwar manhaja da na jibga don zaɓen kwanan wata kawai. Na yi ta yanka, na raba sauran yadda fom zai fara zuwa. Yini biyu, bayana kamar ya tsage. Duk da haka nauyi na nan, kuma hotuna ne. Kowane ɗan kwamiti ya je situdiyo a Sabon Gari ya sha babbar riga, ya ce lallai a shafin farko zai zauna, tunda haka ake yi a kalandar ƙungiya duk shekara. Su goma sha biyu, sannan marigayi mahaifina a samansu, shi da ya kafa ƙungiyar. Na matse hotunan har fuskoki suka dushe, amma har yanzu waya irin ta Mama ba za ta iya ɗauka ba.

Na samu shugaban kwamiti a shagonsa na Chikaji, na ce sai an cire hotunan kwamiti. Ya ce, "Haba ɗana, ka cire ni, da wane ido zan kalli mutane?"

Na gaji, bakina ya suɓuce. "Baba, hotonka za a zuba a gindin masara?"

Ya ɓata rai. "To, in cirewa ce a cire kowa, har da mahaifinka."

Ya zaci ba zan iya ba. Na kwashe su duka.

Ran Alhamis na sake zuwa Jama'a. Mama ta danna, fom ya fito nan take. Ta sa sunanta, saƙo ya zo cewa ta shiga layi. Ina jiran yabo, sai na ga tana ta jan allon sama da ƙasa da babban yatsa.

"Ina Babanku?"

Na fara yi mata bayanin nauyi da sabis, ta ɗaga mini hannu.

"Ai ban faɗa maka ba ne. Kati na huɗu na sa bayan tafiyarka, shi na zauna jira. Har idanunsa sun fara fitowa."