Ɗan Maigidana da Mukullin Bindiga

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa wa wani attajiri mota a Riyad, wata la'asar na ɗauko ɗansa daga jami'a. Saurayi ne ɗan ashirin da wani abu, shiru-shiru. Rediyo na ba da labarin wani matashi a Amurka, ɗan masu hali, da ya buɗe wa 'yan makarantarsu wuta.

Ni da bakina ba ya hutawa, na ce da gurgun Larabcina, "Ƙoshi ne kawai. Da a ce wahala ke sa kisa, da mu shida da ke cunkushe a ɗaki ɗaya a unguwar Manfuha mun gama da duniya."

Bai yi dariya ba. Ya kira ni "ya ammi", wato kawu da Larabci, ya ce, "Kai ko ciwon kai ka yi, mutum biyar za su sani. Ni wata uku ban shiga aji ba, babu wanda ya lura. Na fahimci yaron nan." Can kuma ya ce ya san inda babansa ke ajiye mukullin bindigar farauta.

Da na koma gida na gaya wa abokina, mutumin Damagaram. Ya ce, "In ka faɗa, iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, a hannun uban take. In ka yi shiru wani abu ya faru, me za ka ce wa Allah?"

Washegari na tari maigida na zayyana masa komai. Ya daka mini tsawa, "Kai direba ne ko likita?" Ranar har kayana na haɗa. Bayan kwana biyu aka fitar da bindigar daga gidan, aka kira ni na kai su wajen likita, uban na zaune kusa da ɗansa a baya.

Wata huɗu yaron bai amsa sallamata ba. Ranar da ya huce, ƙofar gaban motar ya buɗe ya zauna, ya miƙo mini shayi.

Har yau ban yarda akwai baƙin cikin da ke halatta jinin wani ba, na talaka ko na mai kuɗi. Amma na daina auna damuwar mutum da girman gidansu. Kuma ko an kore ni a ranar, da ban yi nadamar buɗe baki ba.