Hoton Matar Alhaji Daga Cikin Talabijin

Jama'a, wallahi abin da zan ba ku ba a littafi na karanta shi ba, duk da na san ni da littattafan soyayya ba ma rabuwa. Ni ya faru da ni, a Dutse, 'yan shekaru bayan an yi mana jiha. Lokacin ina da ɗan shagon ɗaukar hoto, a ciki nake kwana, ni kaɗai, ba mata ba budurwa, sai hotunan amaren mutane da na jera a bango ina kallo ina saƙe-saƙe.

Wata ranar damina da la'asar wani dattijo ya yi sallama, ma'aikacin gwamnati ne da ke zaune a unguwar Takur, Alhaji kowa ke ce masa. Ya ce, "Ɗana, an ce kana iya ciro hoton mutum daga cikin talabijin."

Na ce, "Ina taɓawa, Baba."

Sai ya ce matarsa ce ta rasu wata huɗu da suka wuce, kuma a duniya ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Abin da ya rage kawai kaset ɗin bidiyo na walimar saukar 'yarsu, inda ta gifta ta bayan mutane ɗauke da kwanon abinci. Kaset ɗin kuma ya fara cinyewa saboda yawan kallo. Ya ce, a hankali kamar mai jin kunya, "Fuskar ce ta fara ɓace mini."

Washegari na je gidan. Kai, ban taɓa shiga gida mai shiru irin wannan ba, 'ya'ya duk sun yi aure sun watse, takalmansa kaɗai ne a bakin ƙofa. Na sa muka sauke labule don kada hasken taga ya faɗa kan gilashin talabijin ɗin, na goge allon, na kafa kyamara a kan ƙafarta daidai tsakiya, na kashe filasha, domin in ka kunna ta farin tabo kawai za ka samu. Na kuma rage saurin ɗauka, in ba haka ba baƙin layi zai ratsa hoton. Da muka tsayar da kaset ɗin sai hoton ya dinga rawa, don haka na ce sai dai mu bar shi yana tafiya in kama ta a guje.

Matsalar ita ce matar ba ta juyo ba ko sau ɗaya. Gefen kunci ne kawai da bakin mayafi, kamar ƙiftawar ido uku, ta wuce. Na ce, "Baba, iyakar abin da za a samu ke nan fa."

Ya ce, "Ko kunnenta ne, ɗauko mini."

Na ɗauka sau biyu, muna mayar da kaset baya. A na ukun ya taso ya tsaya a bayan kafaɗata ta dama, ina jin numfashinsa, kuma daidai lokacin da ta shigo sai na ji ya kira wani sunan mace can ƙasa-ƙasa. Na danna. Da na waiga yana share ido da bakin hula. Ya ce sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa shekara talatin da wani abu bai taɓa furta shi ba, "ke" kawai yake cewa, ko ya yi gyaran murya ta gane. Ni ma ba zan rubuta sunan a nan ba.

Na aika fim ɗin Kano aka wanko. Na farko da na biyu gefen kunci ne, yadda na zata. Na ukun kuwa, innalillahi, sai da na zauna a ƙasa. Ga ta nan ta juyo sosai, kwanon a hannunta, fuska tar babu layi ko ɗaya, kamar wadda aka kira ta amsa. Kuma ba kyamarata take kallo ba, idanunta sun ɗan haura sama, ta wajen kafaɗata ta dama.

Na kai masa hotunan. Muka sa kaset ɗin muka kalli wurin ya fi sau goma, rantsuwar da zan yi ke nan, ba ta juyo ba. Na ce ko mu kai wa malami ya duba. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya sa shi a aljihun gaban rigarsa ya dafe da tafin hannu, ya ce, "Bar ta haka, ɗana. Ashe jira take in kira."

Har yau ban san me na ɗauka ba, kuma tsigar jikina na tashi in na tuna. Shawarata dai, in kun kunna hoton wanda ya riga mu gidan gaskiya, ku yi masa addu'a, ku kama bakinku. Wanda ke kusa da ku kuwa yana raye, ku kira shi yanzu.