Takardun da Hamma Ya Cike Mini

Sati uku da gama bautar ƙasata babban wanmu ya shigo gidanmu na unguwar Shamaki a Gombe da wata ambulan a hannu. Hamma muke ce masa. Ya ba ni shekara goma sha huɗu, ma'aikacin gwamnatin jiha ne, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ke yanke magana a gidan, duk da cewa ya tare da iyalinsa a unguwar Barunde. Ya gaishe da Dada, mahaifiyarmu, ya zauna a bakin tabarmarta, sannan ya miƙo mini ambulan ɗin.

"Buɗe ka gani," in ji shi.

Takardun neman digiri na biyu ne a wata jami'a can ƙasar Yarbawa. An riga an cike komai, har da hotona. Na gane inda ya samu bayanan, don wata biyu kafin nan ya karɓi kwafin takarduna, ya ce akwai maganar ɗaukar aiki a ma'aikatarsu.

"Hamma, maganar aikin fa?"

"Aiki ba ya guduwa. Digiri ɗaya yanzu kowa na da shi. Ka tafi ka ƙaro, ni zan ɗauki nauyin komai."

Dada ta shiga sa masa albarka. Ni ma na yi godiya, amma bakina ne kawai ya yi ta. Shekara biyar na yi ina karanta kimiyyar ƙasar noma, Hamma bai taɓa tambayata me ake koya mana ba. In zai gabatar da ni ga abokansa cewa yake, "Ƙanena ne, noma yake karantawa," su yi dariya tare. Ranar da aka yaye mu ma bai je ba. To me ya sa yau ya zauna da kansa ya nemo mini makaranta, kuma ya tsallake duk jami'o'in da ke kusa da mu ya zaɓi wadda sai an wuni an kwana a mota?

Tunanina bai je ko'ina ba sai gonar Kagarawal. Gonar mahaifinmu ce, ba a raba ta ba. Da can daji ne wurin, amma gari ya yi ta matsowa har gidajen bulo suka kewaye ta ta gefe biyu. 'Yan'uwanmu mata suna gidajen mazajensu, Hamma bai taɓa riƙe fartanya ba, ni kaɗai ke zuwa in shuka masara da wake duk damina. In na yi shekara biyu ba na gari, wa zai san abin da ake yi da ita?

Washegari da safe na hau babur na tafi gonar. Na zaga iyakarta kaf. A kusurwar gabas na ga sawun tayar mota, na tsuguna ina dubawa kamar wanda ya san abin da yake nema. Dattijon da ke noma kusa da mu yana gyaran kunya, na je na gaishe shi na tambaye shi ko ya ga baƙi.

"Baƙi kullum ne ai," ya ce. "Masu awo suna zuwa da igiyarsu. Shekaranjiya ma wasu sun tsaya a nan suna nuna gonarku da hannu."

"Da wana suka zo?"

"Ban ga fuskokinsu sosai ba. Ɗayansu dai dogo ne."

Hamma dogo ne. Rabin mazan Gombe ma dogaye ne, amma wannan bai zo mini a rai ba a lokacin.

Daga ranar na zama wani iri. In Hamma ya kira Dada a waya sai in sami abin yi kusa da ƙofar ɗakinta. In ya tambaye ni ko na je an gwada lafiyata don cika takardun, sai in ji kamar korata yake. Na tambayi Dada kai tsaye ko ya yi mata maganar gona, ta ce a'a, amma ta faɗa tana kallon tsintar shinkafarta, sai na ƙara da ita cikin waɗanda nake zargi.

A bakin layinmu akwai wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gini. Ya fi shekara talatin a unguwar, da can tare suke zaman hira da mahaifinmu, Hausarsa kuwa ta fi ta wasunmu. Na je shagonsa kamar wucewa nake, na kawo zancen Hamma.

"Ya zo satin da ya wuce," ya ce. "Ya tambayi siminti da waya ta shinge."

"Na ina?"

Ya ajiye biron hannunsa ya dube ni. "Ɗana, ni siminti nake sayarwa, ba na bin sa in ga inda aka kai shi. Uwa ɗaya uba ɗaya kuke. In akwai abin da ke damunka, je ka tambaye shi."

Na fito da kunya, amma maganar waya ta shinge ta zauna mini. Na kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa, sannan ranar Talata na tafi ofishinsu ba tare da na sanar da shi ba. Na zaɓi ofis ne don na san ba zai ɗaga mini murya a gaban mutane ba.

Ba ya kan kujerarsa. Wata mata mai buga takardu ta tambaye ni wa nake nema, na ce ni ƙanensa ne. Fuskarta ta washe.

"Kai ne aka ba gurbin aikin? Barka, Allah ya sanya alheri. Ai tun jiya ake neman ka kawo takardar haihuwa."

Kafin in ce wani abu ƙofar ciki ta buɗe, ƙanen matar Hamma ya fito da sabuwar riga da fayil a hammata, Hamma na biye da shi. Mai buga takardun ta dube shi, ta dube ni, ta koma kan na'urarta. Saurayin ya gaishe ni da kyar ya wuce.

Hamma ya ce in biyo shi. Muka fita muka tsaya a gindin wata dalbejiya inda ake ajiye motoci. Ya daɗe yana juya makullin motarsa a yatsa.

"Gurbi ɗaya aka ba ni," ya ce. "Ka san surukina ne ya tsaya mini na samu aikin nan tun farko. Ya kira ni da kansa a kan yaron. Ta ina zan ce masa a'a?"

"Da ka faɗa mini."

"Da na faɗa maka sai me? Ka zauna a gida kullum na zo gaishe da Dada mu haɗa ido? Na ga gara ka tafi ka yi abin da zai amfane ka. Kafin ka dawo wata ƙofar ta buɗe."

"Dada ta sani?"

"Ta sani. Ni na roƙe ta kada ta faɗa."

Duk maganganun da na shirya ba su da sauran amfani, amma na kasa haɗiye su. Na ce, "Ni na ɗauka gonar Kagarawal za ka sayar."

Ya ɗago ya dube ni sosai. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Abin da ka ɗauke ni ke nan?"

"Siminti da wayar da ka tambaya fa?"

"Katangar gidana ruwa ya ci ta baya." Sannan ya ƙara da cewa, "An zo mini sau biyu a kan gonar, ba zan ɓoye maka ba. Na ce musu sai mun zauna gaba ɗaya."

Wannan ƙarin nasa na tafi da shi gida ina juyawa. Bai ce musu ba ta sayarwa ba ce, cewa ya yi sai mun zauna. Na kasa tantance ko gaskiya ce ta sa ya faɗa mini, ko share fage yake.

Sai a kwanakin da suka biyo baya na lura da wani abu game da kaina. Wata guda na yi ina bin sawun Hamma, ban zauna ko sau ɗaya na tambayi kaina ko ina son karatun ba. Da na zauna na duba, sai na ga ban ma san a kan me zan yi bincike ba. Abin da na sani na littafi ne da gona ɗaya. Kuma na san in na tafi a kan wannan shirin, duk jarrabawar da na ci sai in ji kamar lallashina aka yi da ita.

Na je Barunde na same shi yana tsaye kan masu gyaran katangar. Na ce masa ba zan tafi bana ba, aiki zan nema tukuna. Bai yi gardama ba. Ya ce, "Ka yi tunani dai?" Na ce na yi. Ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya juya yana nuna wa magini inda bulo ya karkace.

Aikin da na samu ba na ofis ba ne. Wani mai sayar da iri da takin zamani ya ɗauke ni in riƙa ba manoma shawara a shagonsa, ranar kasuwa kuma in bi mota zuwa ƙauyuka. A can na riƙa ganin yadda kwazazzabo ke cinye gonakin mutane kowace damina, wani ya nuna maka rami ya ce bara nan dawarsa take. Bayan shekara biyu na nemi digiri na biyu a kan zaizayar ƙasa, a jami'ar da nake iya zuwa in dawo a sati, ban bar aikin ba.

Ƙanen matar Hamma yana nan a ma'aikatar. Mun yi kusan shekara muna kauce wa juna a wajen suna da ɗaurin aure. Wata rana ya shigo shagon ya ce mahaifinsa ya ba shi fili ya gwada noman waken soya, bai san ta inda zai fara ba. Na tambaye shi ƙasar wurin yashi ce ko laka. Ya ce bai lura ba. Na ce ya je ya ɗebo mini kaɗan a leda ya dawo.