Ƙugiyar da Ta Kai Ni Zariya

Talata: Kafanchan zuwa Zariya

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gida. An kwana ana ruwa, fitilun tashar jirgi suna ta rawa cikin kududdufai. Jirgi ya tashi shida da rabi, taragonmu cike da buhunan citta, ƙamshinta ya sa ni gyangyaɗi tun kafin Zonkwa.

Bari in faɗi abin da ya fitar da tsoho cikin damina. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce ni ne wakilin wata jaridar Hausa a yankinmu, da ɗan ilimina na elemantare. Maciji ya sari wata mata, aka kai ta wurin Malam Ayuba, dispensan ƙauyensu. Ya ba ta magani, amma an makara. Da jarida ta fito sai ga shi: "Dispensa ya ɓata magani, matar ta cika." Aka raba shi da aikinsa. Tun daga ranar nake gaya wa kowa laifin masu ɗab'i ne. Da na ji gidan jaridar da ke Zariya ya buɗe ɗakin tarihi, har da tsofaffin wasiƙun wakilai, sai na ce zan je in samo shaidata in kai wa Malam Ayuba.

Mun isa Kaduna ƙarfe ɗaya, na ci shinkafa da wake ta kwabo ashirin, na shiga motar Zariya, mil hamsin. A shingen sojoji wani kofur ya leƙo.

"Baba, me ke cikin jaka?"

"Tabarau da Littafi Mai Tsarki."

"To, yi mana addu'a, wuce."

Na sauka gidan wani ɗan cocinmu a Sabon Gari.

Laraba: ɗakin tarihi

Ɗakin yana bayan maɗaba'a, bango ɗaya ya raba su. Injin na aiki a can, ƙasa na motsi a hankali ƙarƙashin ƙafata kamar ban sauka daga jirgi ba. Mai kula da wurin, Malam Sani, tsohon mai jera haruffa ne. Ya nuna mini injin farko da ake murzawa da hannu, da akwatunan haruffan dalma, kowane harafi da gidansa. Ya ce da yawa an narkar da su an zuba sababbi, wataƙila labarin da ake bugawa yanzu da dalmar labarinmu ne. Na tsaya ina kallon ƙurar da ke yawo cikin hasken taga, ina jin kamar sunayen mutanen da na rubuta ne ke tashi.

Ya ɗauko damin wasiƙun Kafanchan. Mun fi awa ɗaya muna bincike kafin takardata ta fito, ta yi ja kamar ganyen taba. Na sa tabarau.

Maimakon "ba ta", ga "bata" a haɗe, ga ƙugiya a kan b, da tawadata, da hannuna.

Sai na tuna. A shekarar ne na koyi haruffa masu ƙugiya. Mu da Hausa ba harshen uwarmu ba ce, muna tsoron dariyar Zazzagawa, don haka duk inda na ga b sai in lanƙwasa mata kai don a ce na iya.

"Dattijo, zauna," in ji Malam Sani. "Mu abin da aka ba mu muke jerawa. Da ka aiko gyara, da mun buga."

Ban aika ba. Ban ma tambayi kaina ba.

Alhamis: Fadan Kaje

Na sauka Zonkwa ƙarfe uku, wani mai babur ya kai ni ƙauyen da ke bayan Fadan Kaje. Gonakin acca sun yi kore shar, gajimare ya sauko har kan duwatsu. Na sami Malam Ayuba a gindin mangwaro, idonsa ya yi rauni, amma ya gane muryata.

"Bulus ɗan jarida! Yau wa aka kashe?"

Na durƙusa na faɗa masa duka. Sai ya fashe da dariya har da tari.

"Kai kaɗai ne ba ka sani ba. Ba kai ka rubuta 'ɓikin Kirsimeti' a allon coci ba? Har ɓaptisma ka yi mana!"

"Me ya hana ka faɗa, Yaya?"

"Ina jira ka zo da ƙafarka. Ka daɗe a hanya." Dariyar ta ɗauke. "Na yafe tun tuni. Amma jikokina suna makaranta, ana ce musu jikokin mai ɓata magani. Abin da aka buga, bugawa ke goge shi."

Matarsa ta kawo tuwon acca da miyar karkashi, muka ci a kwano ɗaya.

Juma'a: gida

Na iso Kafanchan ƙarfe goma sha ɗaya na safe lafiya. Godiya ga Ubangiji, da Malam Sani, da masu masaukina. Edita, ina roƙo a buga wannan layi yadda na rubuta shi, na duba shi sau uku:

Malam Ayuba dispensa ya ba ta magani. Wanda ya yi ɓarna ni ne, Bulus.