Sallahun Manasseh

A Jalingo an san Manasseh da taurin kai a kan abu ɗaya: ba ya yarda a tashi daga wuri ba a bar sallahu ba. Yana da dalilinsa. Shekarar da aka ba mu jiha, shi da mahaifiyarsa Lydia suka tashi daga Kona suka koma unguwar Barade, ba su gaya wa kowa ba. Wansa Tobiya, wanda ya daɗe a Legas ba labari, ya zo ya tarar da baƙi a tsohon gidan, ya juya. Sai daga baya wani maƙwabci, Hammanjoda, ya ce ya ga wucewarsa. Tun daga ranar Lydia ba ta sake barci mai daɗi ba.

Manasseh ya zama mai buga takardu a kwamfuta. A 1998 ya haɗa wa zumuntar matan cocinsu shafin intanet, aka buga adireshin a bayan kaset ɗin waƙoƙinsu. Mu dariya muka yi ta yi masa, don sai ya ɗauki faifan kwamfuta har Jos, wurin wani mai kwamfuta da ke da intanet, kafin ya ɗora ko hoto ɗaya. Wa zai duba?

Da shekara ta zagayo aka sake tsarin shafin, hotuna suka koma sabon adireshi. Mai kwamfutar Jos ya ce a goge tsohon kawai. Manasseh ya ƙi. Kaset ɗin sun riga sun bazu, duk wanda ya bi adireshin bayansu zai tarar da kango. Ya zauna ya bi tsofaffin shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa kowanne layin da zai tura baƙo sabon wuri da kansa. A sama ya rubuta: "Mun tashi. Dakata, za a raka ka." Har motar Jalingo ta tafi ta bar shi.

Zuwansa Jos na gaba ya tarar da saƙon imel daga birnin Duwala, can ƙetaren iyaka. Wani ya sayi kaset, ya bi tsohon adireshi, an raka shi, ya ga wata tsohuwa a hoto, a layin gaba da ɗankwalin zumunta. "Mama ce wannan? Tana da rai?" Tobiya ne, ashe daga Legas can ya koma.

Da ya karanta mata, Lydia ta daɗe tana kuka. Sannan ta kama hannunsa.

"Ka gaya mishi Barade, bayan injin niƙa. Ni ba na zuwa ko kasuwa, sai ya zo."