Yadda Aka Zaunar da Marka Mai Daddawa

Duk wanda ya yi wayo a Nasarawa Burkullu kafin shekarun 1980 ya san Marka mai daddawa. Gajeruwa ce, siririya, mai saurin tafiya kamar ana kiranta a gaba. Tun tana amarya ta koyi sana'ar a wurin uwar mijinta, ba ta kuma ajiye ba har mijin ya rasu, 'ya'ya suka girma kowa ya kama gabansa. Daddawa kuwa ba aikin zaune ba ce. Da bazara sai an bi itatuwan ɗorawa a daji an ɗebo, a fitar da kalwa, a dafa, a surfa a turmi, a kai gulbi a wanke, a sake dafawa, a rufe har ta yi. Bayan duk wannan ne za a ɗora ƙwarya a ka, a bi kasuwanni da ƙafa, yau Bukkuyum, jibi Zugu.

Ba daddawar kaɗai ake jira daga gare ta ba. Marka ba ta mantuwa, don haka ita ake ba wa saƙon baka. Wannan ta ce a gaya wa 'yarta an sa ranar suna, wancan ya ce a faɗa wa ƙanensa saniyar ta haihu, kuma duka za ta isar, kowa da nasa, ba ta haɗa na wani da na wani. In gardama ta tashi a kan dangantaka, wa ya haifi wa, ita ake tambaya. Tana da wajen shekara sittin da biyar a lokacin, amma 'yan mata na haki in sun jera da ita a hanya.

Ƙanwarta Turai, wadda suke ciki ɗaya, tana zaune a Zugu gidan ɗanta tun bayan rasuwar mijinta. Turai mace ce mai zafin zuciya, abin da ke cikinta shi ke bakinta. Duk sanda Marka ta zo kasuwar Zugu a ɗakinta take sauka, su sha fura, su yi faɗansu na 'yan'uwa, su rabu suna dariya.

Ɗan farin Marka, Haladu, shi Allah ya buɗa wa. Ya sami kwangilar gina azuzuwan firamare a shekarun da ake ta buɗe makarantu, ya je Makka, ya gina gidan siminti a Gummi, ya sayi mota fijo. Wata rana a 1979 yana tafe da wasu manyan 'yan siyasa a motar, sai suka iske uwarsa a gefen hanya da ƙwarya a ka, zaninta duk jar ƙasa. Ɗaya daga cikin mutanen ya gane ta, ya tambaya ko wannan ba Innar Alhaji ba ce. Haladu bai tsaya ba. Bayan mako guda ya dawo Burkullu shi kaɗai, ya ce ya zo ɗaukarta, wahala ta ƙare.

Marka ba ta so ba, amma ba ta iya musu da ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya. Turai ce ta yi magana da labarin ya iske ta. Ta ce matar da ta shekara arba'in a kan ƙafafunta ba a ɗaukarta a ajiye kamar buhun gero. Dangi suka taso mata, wasu har suka ce hassada take yi don nata 'ya'yan ba su yi arziki ba. Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, ta yi fushi, ta kusa shekara biyu ba ta taka Gummi ba.

Suna ne ya kai ta, da matar Haladu, Balaraba, ta haihu. Turai ta ratsa matan da suka cika tsakar gida ta nufi ɗakin da aka nuna mata. Abin da ta fara lura da shi sakata ce a jikin ƙofar, kuma ta waje aka kafa ta. A ciki akwai gadon ƙarfe da katifa, da rediyo, da kwanonin abinci a rufe. A bakin gadon wata tsohuwa ce zaune, jiki ya yi nauyi, ƙafafu sun kumbura, hannuwa a kan cinya ba sa yin komai. Ta ɗago ta dubi Turai da fara'ar da ake yi wa wanda ba a sani ba.

"Maraba da baƙuwa. Daga wane gari?"

Turai ta durƙusa ta kama hannunta, ta ce, "Yaya, ni ce Turai." Marka ta maimaita sunan a hankali, ta ce tana da ƙanwa mai wannan suna, amma yarinya ce. Ana haka Haladu ya gifta ta ƙofa da babbar riga, sai tsohuwar ta ɗaga murya ta kira sunansa tsirara, ta tambaye shi ko babansa ya dawo daga gona. Matan da ke kusa suka sunkuyar da kai. Mutumin da take tambaya ya shekara goma sha a ƙasa.

Da taro ya watse Turai ta tsare Balaraba a madafa. Balaraba ba muguwar mace ba ce, tsoron mijinta take, kuma da alama ta daɗe tana neman wanda za ta faɗa wa. Ta ce tun ranar da aka kawo Inna, Alhaji ya kafa doka: ba taɓarya, ba tsintsiya, ba guga, ba fita. In an gan ta tana aiki, ita Balaraba za a yi wa faɗa. Da farko Inna kan saci tsintsiya ta yi shara in ya fita, daga baya ta daina. Sai ta fara yini tana barci, sai rikicewar raka'o'in salla, sai manta sunayen jikoki. Rannan da rana tsaka ta fice, aka tsince ta a tasha tana tambayar hanyar Burkullu, shi ne aka kafa sakatar.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, har Sakkwato an kai ta wurin likita. Balaraba ta rage murya a nan. Ta ce tana wurin da likitan ya yi bayani, ya ce mantuwar tsufa ba shi da maganin da zai yi alkawarin ya warkar da ita, amma zama wuri ɗaya yana ƙara ta. Ya ce a bar tsohuwa ta riƙa tafiya kullum, ta yi aikin da hannunta ya saba, ta ga mutane, domin motsin jiki yana taimakon ƙwaƙwalwa. Alhaji ya sayi ƙwayoyin da aka rubuta duka. A mota kuma ya ce likita bai san matsayin gidan ba. Wata takwas ke nan da yin haka.

Turai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Da rashin sani ne, da ta yi kuka ta haƙura. Amma an faɗa masa, da kunnensa ya ji, ya zaɓi abin da ake saye a kanti ya bar wanda ba a saye. Washegari da hantsi ta iske shi a zaure, ba ta jira ya gama gaisuwa ba.

"Mi Yaya ta yi maka da ka ɗaure ta?"

Haladu ya ce subhanallahi, wace irin magana ce wannan. Ya ce shi ya ga tsagar da ke ƙafar uwarsa tun yana yaro, ya ga ranar da ta faɗi da ƙwarya a laka ta tashi ta ci gaba. Ya yi wa Allah alkawari in ya samu sai ta huta. Nama kullum, sabon zane duk wata, me ya rage ta da shi? Idonsa ya kawo ruwa yana faɗa, kuma Turai ta san ba ƙarya yake yi ba. Wannan bai sanyaya ta ba.

"Kai ka huta, Haladu, ba ita ba. Ka huta da jin kunyar abokanka. Da ƙafarta munka san ta, da hankalinta, kai ka karɓe ɗaya, ɗayan ya bi shi. In ba ka so a ga uwarka da ƙwarya, ai sai ka sauya hanya."

Ya ce, "Inna Turai, ki yi haƙuri, amma ba inda za ta. Mi mutane za su ce, na kori uwata?"

Ta ce to, ita ma ba inda za ta. Ta aika Zugu aka kawo mata kayanta, ta shimfiɗa tabarma a ɗakin yayarta, ta sa aka cire sakatar. Haladu ba shi da bakin korar ƙanwar uwarsa.

Ranar farko da ta fito da Marka, ko ƙofar gida ba su kai ba gwiwoyinta suka hau rawa, sai da suka zauna a kan turmi. Ita ce fa matar da a da ke zuwa Bukkuyum da ƙafa ta dawo a yini guda. Turai ta juya baya ta share ido, ta zagi wanda ba ya wurin a cikin ranta. Kullum da safe suka riƙa ƙarawa kaɗan, daga ƙofar gida zuwa kwanar masallaci, daga nan zuwa wata tsamiya a bayan unguwa. Kafin damina ta faɗi suna kaiwa bakin gulbi, inda mata ke wanki. Kumburin ƙafa ya fara saɓewa, barcin rana ya ragu. Haladu ya ga ba yadda zai yi, sai ya kafa sharaɗi: kada a bi ta kasuwa, kada ta ɗauki komai a ka.

 Turai ta je kasuwa da kanta ta sayo kalwa, ta zuba a faifai ta ajiye a gaban yayarta. Marka ta daɗe tana kallo. Can sai yatsunta suka shiga ciki suna tsince tsakuwa da wadda ƙwaro ya ci, da sauri irin na da. Ta ce wannan kalwar ta bara ce, an cuci wanda ya saya. Rabon da ta faɗi magana mai kan gado irin wannan an fi shekara.

Suka dafa, suka surfa tare, taɓarya ɗaya a hannun Turai, ƙaramar a hannun Marka. Suka rufe ta a bayan ɗaki. Da ta fara yi, warin daddawa ya cika gidan Alhaji, ya fita har zaure, a ranar da wasu baƙi suka zo daga Sakkwato. Da yamma Haladu ya aiko Balaraba ta ce wa Inna Turai, in dai wannan sana'ar za a ci gaba da yi, to gara a koma da Inna gida, zai riƙa aike.

Wannan ne abin da Turai ba ta taɓa yafewa ba. An roƙe shi don lafiyar uwarsa ya ƙi, likita ya faɗa ya ƙi, amma wari ya taɓa hancin baƙinsa, cikin yini ɗaya ya yarda.

Ɗakin Marka na Burkullu ya rushe a daminar da ta wuce, don haka suka sauka gidan 'yarta Safiya, wadda ke aure a garin. Turai ta zauna tare da su. A kan hanyoyin da ta sani Marka ta fi samun kanta. Takan tsaya ta nuna ɗorawa ta faɗi gonar wanda take ciki, kuma daidai ne. Sallarta ta daidaita, sai jefi-jefi. Wata safiya suna dawowa daga gulbi ta juyo ta ce wa Turai ta cika jan ƙafa, tun tana yarinya haka take. Turai ta tsaya cak a tsakiyar hanya, don ranar ce yayarta ta fara sanin da wa take tafiya.

Ba komai ne ya dawo ba. Saƙon baka ya tafi ke nan, in an ba ta ɗaya kafin ta kai ƙofa ya zube. Kasuwa mai nisa ta gagare ta, sai dai ta zauna da 'yar ƙwaryarta a ta garin. Akwai ranakun da takan tashi ba ta san kowa ba, ta yini haka. Turai ta san tsufa yana da nasa rabon, ba ta taɓa cewa tafiya za ta hana shi ba. Abin da take cewa shi ne shekara biyun nan an ba shi su kyauta, kuma ba wanda ya san abin da za a tsira da shi da ba a yi haka ba. A gari kuwa har lokacin akwai masu yabon Haladu, suna cewa ɗa ne na kirki, ƙanwar uwar ce ta raba tsohuwa da daula. In ta ji, takan ce su je su zauna a kan katifa wata uku, ba shara ba fita, sa'annan su zo su ba ta labari.

Marka ta ƙara shekara biyar tana taka ƙasa da ƙafarta. Ta rasu a daminar 1987 bayan zazzaɓin kwana kaɗan. Haladu ya zo, ya yi kuka sosai. Da aka natsa ya sami Turai a bayan ɗaki, ya durƙusa, ya tambaye ta ko Inna ta tafi da fushinsa.

 Turai ta so ta ce eh, amma ba ta iya yi wa mamaciya ƙarya. Ta gaya masa ba ranar da uwarsa ta idar da salla da hankalinta ba ta sa masa albarka ba, kuma ko sau ɗaya ba ta ce ya cuce ta ba.

"Ita ta yafe maka tun ba ka roƙa ba," in ji ta. "Nawa kuma ka bar ni da shi tukuna."

Ta tashi ta koma wurin matan da ke jiƙa geron gumbar sadaka.